Fim Ɗin Da Ya Sha Rana

A da, in ka gama fim a Suleja, ba ka rasa mai wanke maka shi kafin ka fita daga unguwarku. Yanzu shagunan hoto sun fi na da yawa, amma babu mai ɗaki mai duhu na wanke fim ko ɗaya.

Kyamarata a ƙasar waje, a birnin Hambug na saye ta, ta ƙarfe ce, ba ta bukatar batir. A cikinta akwai madubi, abin da gilashin gaba ya gani shi idonka ke gani. Kana murza zoben gilashin har hoton da ya rabe biyu ya haɗu, sannan ka danna. A daidai nan madubin yake ɗagawa, idonka ya yi duhu. Mai irin wannan kyamara ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke. A Alƙahira na ji suna cewa a tsamama fim, mu kuwa wankewa muke yi.

Yayana manomi ne a Gawu Babangida, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Da ciwo ya ci ƙarfinsa sai ya ce, "Kawo akwatin naka, mai yawon duniya, kafin in sake shawara." Sau ɗaya na danna. Matarsa ta ce ya yi murmushi. Ni duhu na gani.

Bayan sadakar bakwai ta ce mini, "Malam, jikoki na tambaya, ina hoton?"

Na bi shaguna ina neman mai wanke fim, daga unguwar Magajiya har bakin titin Kaduna. A na ƙarshe, mai shagon, magidanci mai fara'a, ya karɓi kyamarar yana jujjuyawa a bakin ƙofa.

"Baba, wannan ai ta girme ni! Ina memori yake shiga?"

"Fim ne a ciki, kada ka..."

Ya riga ya ja ɗan maɓallin naɗe fim sama. Murfin baya ya buɗe a tsakiyar ranar azahar. Ban naɗe fim ɗin ba, domin saura hotuna da yawa da ban ɗauka ba a jikinsa.

"Ba komai, Baba, na rufe," in ji shi.

Na aika fim ɗin Legas duk da haka. Ya dawo baƙi ƙirin.

Na je Gawu na faɗa mata. Ta ce Allah Ya sa haka ya fi alheri. Jikokinsa da za a haifa nan gaba ba za su taɓa sanin fuskarsa ba.