Mama Faustina da Durom Tara na Macizai

Ni acaɓa nake yi a Kafanchan, kuma a aji uku na sakandare na ajiye biro, saboda haka in rubutun ya karkace a yi haƙuri. Labarin maƙwabciyarmu ne, Mama Faustina, gwauruwa, wadda mijinta ya yi aikin reluwe har ya mutu.

Shekara goma sha tara ta yi tana aiki a wani gidan bincike wajen Kagoma, inda ake tatsar dafin maciji don haɗa magani. Ita ke share akwatunansu, ita ke jefa musu ɓera. Ko a coci ba ta rasa wurin zama, domin da ta zo sai benci ya zama nata ita kaɗai.

Bara aka rufe wurin. Doktan da ke shugabantar wurin ya tafi, aka sa kwaɗo a ɗakin macizai, aka bar su da yunwa. Bayan sati uku Mama ta fasa kwaɗon da guduma. Ashirin da biyu sun ruɓe, tara suna numfashi: kububuwa shida, kasa biyu, gamsheƙa ɗaya. Ta zuba kowanne cikin durom na roba mai huji a murfi, ta jera su a bayan ɗakinta. Na ce me zai hana ta sake su a daji, ta tambaye ni ko a gonar babana nake so ta sake su. Wata jami'a ce ta yi alkawarin karɓarsu, sai dai motar da za ta zo ɗaukarsu kullum "sati mai zuwa".

Ana cikin wannan jira ne kububuwa ta sari Doreen, matar Gregory mai walda, a gonar doya. Kwana biyu jini na fita mata ta hanci da dasashi, ta rasu ranar Asabar da safe. Kafin la'asar samari sun cika ƙofar Mama da sanduna da jarkar fetur, Alexander shugaban matasa yana gaba. Ni ma na je, ba zan ɓoye ba.

Mama ta fito da zani a ƙirji. Ta ce kowane macijinta yana da ɗigon jan farce a wutsiya, a kawo wanda aka kashe a gona a duba. Ta ce kuma a zo a ƙirga, tara suke.

"Baban Stella," ta ce wa Gregory, "ni na riƙe Doreen ranar aurenku. Ka duba wutsiyar kawai."

"Mama, ki matsa," in ji shi.

Ba ta matsa ba. Wani ya ɗaga taɓarya ya sauke mata a hannun hagu, na ji ƙashin ya ce ƙas. Suka ja ta a ƙasa har bakin kwata, leɓenta ya fashe, tana ta faɗa musu kada su sa wuta, roba ce. Ba wanda ya saurara. Alexander ya kwarara fetur a kan durom ɗin ya ƙyasta ashana.

Minti biyu ba a yi ba robar ta narke ta gefe. Kasa biyun sun yi nauyi, a ciki suka ƙone suna murɗewa, warin ya cika unguwa. Amma kububuwa suka fito ta hujin da wuta ta yi, kai tsaye cikin ƙafafun mutane. Jarumawan da suka zo yaƙi da Shaiɗan suka tattake juna a ƙofar langalanga, wani ya bar wandonsa a kan katanga. Ɗaya ta sari Alexander a idon sawu. Gamsheƙar ta miƙe, bayanta na hayaƙi, ta tofa wa Gregory dafi a fuska, ya faɗi yana ihu yana yagar idonsa da farce.

Mama ce ta rarrafo. Ta danne kansa da gwiwa, ta sa ni kwarara masa ruwa a ido bokiti bayan bokiti, tana zaginsa ya buɗe. Ta hana a tsaga ƙafar Alexander da reza, ta ce a kai shi asibiti a faɗa musu kububuwa ce. Sannan ta ɗauki ƙugiyarta ta kama maciji da hannu ɗaya ta shiga cikin hayaƙin. Kububuwa huɗu an riga an farfasa musu kai da duwatsu. Gamsheƙar ta mutu a gindin gwanda. Biyu ta samu da rai, ta zura su a buhun shinkafa ta ɗaure da haƙori.

Alexander ya rayu. Gregory ido ɗaya ya rage masa, kuma har yau bai ce ya duba wutsiyar ba.

Ranar Litinin mutanen jami'ar suka ce motarsu za ta bi ta Jere, amma ba za ta shigo Kafanchan ba. Mama ta hau bayan mashin ɗina, hannu a ɗaure da kara, buhun cikin kwali a kan cinyarta. Ban taɓa kauce wa rami da ladabi irin na ranar ba. A bakin titi ta miƙa wa direban kwalin, ta ce wuta ta ƙona wa ƙaramar ciki, kada a ba ta ɓera sai bayan sati biyu. Ta sa shi ya maimaita, sannan ta bar shi ya tayar da mota.