Zaɓen da Baba Sharhi Ya Yi Shiru

Shagon gyaran rediyo da fanka da ke kwanar layin ƙarami ne, idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. A ciki akwai tebur wanda dalma ta ƙona masa fuska, da gwangwanaye cike da noti, da fankoki marasa fukafukai rataye a bango suna jiran masu su. A waje kuma akwai dogon benci. Kowace safiya idan an gama labarai, mai shagon yakan rage muryar rediyo, ya tura tabarau saman goshi, ya faɗi abin da ya gani game da abin da aka ji. Daga nan ya samo sunansa. Har jikokinsa Baba Sharhi suke ce masa, kuma yana amsawa.

Ɗan ra'ayin riƙau ne, bai taɓa ɓoyewa ba. A ganinsa gwamnati ta daina cin bashi, ta rage yawan masu ba da shawara, ta gyara abin da ta gada kafin ta aza tubalin sabo. Idan ya ji an ce “sabon tsari” a rediyo sai ya yi tsaki. Yakan ɗaga fankar roba irin ta yanzu, wadda aka liƙe da gam ba a bar wurin sukundireba ba, ya ce, “Ga tattalin arzikinku nan. Kyau a ido, araha a baki, ran da ta tsaya kuma sai bola.” Jam'iyya ɗaya yake zaɓa tun yana saurayi, kuma babu wadda yake caccaka kamarta.

Maƙwabcinsa Tela, wanda suka tsufa tare katanga ɗaya tsakani, shi duk sabuwar fuska yake bi.

“Kai da za a ba ka ƙasar nan, da har yanzu da fitilar ƙwai muke karatu,” in ji Tela.

“Da kuwa muna karatun, Mai almakashi. Yanzu ga ƙwan lantarki a kowane ɗaki, ina wutar?”

Yana da wata ɗabi'a a wurin aiki da duk layin ya sani. Idan aka kawo masa kaya, a gaban mai shi yake buɗewa, kuma yana buɗewa yana faɗa. Wa ya bar ruwa ya shiga nan? Wane makaho ne ya ɗaure wannan waya? Shekara nawa rabon fankar nan da mai? Mai kaya yana shan faɗa yana murmushi, don ya san abinsa zai tashi. Ran da Baba Sharhi ya buɗe kaya ya leƙa bai ce uffan ba, ya mayar da murfi, ya naɗe wayar a jikinsa ya miƙo, to, magana ta ƙare. Ba ya ɓata bakinsa a kan abin da ba ya gyaruwa.

Haka yake yi wa 'yan takara idan zaɓe ya matso. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukarsu a kan bencin nan, ya zazzage aibinsu, wanda ya yi alkawari ya manta, wanda ba ya gaida mutane sai lokacin kamfe. Akwai kuma waɗanda ko an ambaci sunansu sai ya ci gaba da aikinsa. Shi dai bai ga abin faɗa a kansu ba ne. Bai taɓa lura cewa mutanen layin suna lissafe da waɗannan ba, kuma ba sa ba su ƙuri'a.

Autarsa malamar makaranta ce. A ƙarƙashin teburin nan ta yi rarrafe, kafin ta iya karatu ta iya bambanta filaya da almakashin waya. Wata ranar hutu ta zo gida, ta taya mahaifiyarta wanke kwanuka, sannan ta zauna a gabansa ta ce ta tsaya takarar kansila a mazaɓarsu. Ya tambaye ta a wace jam'iyya. Ta faɗa masa. Ita ce wadda ya shekara talatin yana kira jam'iyyar masu gaggawa. Ta yi masa bayanin abin da take son yi: sabuwar magudanar ruwa, fitilun kan titi masu aiki da hasken rana, sababbin rumfuna a kasuwa, kuma ƙaramar hukuma za ta ciyo bashin banki a yi su gaba ɗaya.

Kalmar bashi ba ta yi masa daɗi ba. Ya dubi fuskarta, ya ga yadda take jiran abin da zai ce, kamar ranar da ta kawo masa sakamakon jarrabawarta ta farko.

“Allah ya taimaka,” ya ce.

Matarsa ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta dube shi, ta mayar da kai.

A hanyarsa ta zuwa shago washegari ya yanke shawara. Ba zai yabi abin da bai yarda da shi ba, don bai taɓa yi ba. Ba kuma zai zaunar da 'yarsa a kan benci ya fige ta a gaban mutane ba. Saboda haka zai kama bakinsa. Yana ganin wannan ita ce kyauta mafi girma da zai iya yi mata, kuma Allah ya sani ta yi masa tsada.

Makonnin kamfe suka zo. Ya yi sharhi a kan kasafin kuɗin ƙasa, ya ce an rubuta shi kamar mai kuɗin ba zai taɓa dawowa karɓa ba. Ya yi a kan farashin mai da na wayar tagulla, wadda yanzu sai ya kwance tsofaffin fankoki yake samu. Tsohon kansila kuwa, ɗan jam'iyyarsa mai neman komawa, kullum sai ya sha. Ya ce mutumin ya yi shekaru a kujera bai iya sa an kwashe shara a kan lokaci ba, ya ce tumbinsa ne kaɗai aikin da ya kammala. Mutane suna dariya suna gyaɗa kai.

“To, Malama fa?” Tela ya tambaya wata safiya. “Ga fastarta can a jikin turken wuta tana kallonka.”

Baba Sharhi ya sauke tabarau, ya sunkuya a kan dutsen gugar da ke gabansa. Wani mai sayar da katako ya dubi na kusa da shi.

A gida matarsa ta ce masa Auta ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Ya ce ai kamfe ne, ba ta da lokaci. Ta ce, “Malam, kamfen bai hana ta kirana a waya ba. Kai ta kira ka?” Ya ce shi bai yi mata komai ba, ko kalma ɗaya bai faɗa a kanta ba. Matar ta ce ya sha shayinsa kada ya huce.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, an gama labarai ke nan, benci ya cika, sai ga Auta ta taho a ƙafa ita kaɗai, ba 'yan rakiya. Ta gaida dattawan ɗaya bayan ɗaya, ta gaida Tela, sannan ta tsaya a bakin shagon.

“Baba, sannu da aiki. Gyara na kawo.”

Ya dubi hannuwanta. “Ina kayan?”

“Ga ni.”

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Idon Auta ya yi ja.

“Jiya na je taron mata a bayan kasuwa,” ta ce. “Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, 'yar nan, muna son ki, amma me kika yi wa mahaifinki ya naɗe miki waya? Yaran tsohon kansila gida gida suke bi da maganar. Sun ce wanda ya haife ni ya buɗe ya leƙa, ya mayar da murfi.”

Baba Sharhi ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya dubi Tela.

“Kada ka dube ni,” in ji Tela. “Kai kaɗai ne ba ka sani ba a layin nan. Kullum kana wanke wancan mai tumbin da faɗa, mutane suna cewa ashe yana gyaruwa.”

“Ni rufa miki asiri na yi,” Baba Sharhi ya ce da Auta a hankali.

“Ba ni da abin rufewa, Baba. Ka buɗe ni a gabansu kamar kowa.”

Ya dube ta. Sannan ya tura tabarau saman goshi, ya kashe rediyon gaba ɗaya, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba.

“To, jama'a, ga 'yar takara. Na farko, bashi. Yarinyar nan tana so ta ciyo bashi da sunan jikokina, waɗanda ko haƙori ba su gama fitarwa ba. Wa zai biya? Harajin mai katako da na Tela. Na biyu, sabuwar magudana. Wa ya ce mata tsohuwar ta mutu? Ina nan aka gina ta, dutse ne da siminti na gaske. Toshewa ta yi. Shebur take so da mutum goma masu jin kunya, ba ɗan kwangila ba.”

“Ka shiga ka gani, Baba?”

“Ke kin shiga?”

“Ban shiga ba. Zan sa a buɗe a duba kafin zaɓe. Idan tana da rai, na janye.”

“Kun ji ko? Na uku, fitilu masu hasken rana. Wata shida batirin ya mutu, a bar mana turaku tsaye kamar masu zaman makoki.”

“A nan kam ban janye ba. Kai kana rufe shago da sauran haske. Matan da ke tashi daga aikin asibiti da na kasuwa a duhu suke ratsa layin nan. Ka tambayi Mama sau nawa ta tsaya a ƙofa tana jirana.”

“Wa zai gyara su idan sun lalace?”

“Sai a sayo irin da ake buɗewa da sukundireba, a kawo maka.”

Bencin ya fashe da dariya. Masu wucewa suka fara tsayawa, mai shagon magani ya fito da kwali a hannu. Baba Sharhi ya ji jininsa ya motsa yadda bai motsa ba tun farkon kamfe. Ya bi ta kan rumfunan kasuwa, ya ce sabuwar rumfa sabuwar haya ce, talaka zai koma bakin titi. Ya bi ta kan jam'iyyarta, ya ce a can sama mutanen da ba su taɓa riƙe shago ba ne suke koya wa ƙasa ciniki. Ta mayar masa da wasu, ta haɗiye wasu.

“Kuma gaggawa,” ya ce, yana nuna ta da sukundireba. “Tun tana ƙarama ba ta jira dalma ta huce. Ku duba ɗan yatsanta na dama, tabon yana nan. Ga taurin kai, na uwarta ne.”

“Za a gaya mata,” in ji Tela.

“A gaya mata. Abu ɗaya dai, shekarun da ta yi tana share shagon nan, ko noti ɗaya bai taɓa bin ta gida ba. Wannan ba yabo ba ne, labari ne.”

Auta ta goge ido da bakin mayafi tana dariya. “An gama, Baba?”

“An gama na yau. Ki dawo gobe, ban taɓo maganar harajin kasuwa ba.”

Ta dawo washegari, da ranar da ta biyo baya. Aka buɗe tsohuwar magudanar, aka tarar rabinta lafiya lau, rabin kuma ya rufta, kowannensu ya ce shi ne ya yi gaskiya. Ranar ƙarshe ta kamfe da ƙyar ake wucewa ta kwanar saboda masu sauraro.

Ranar zaɓe Baba Sharhi ya sa rigarsa mai kyau ya bi layi. Da ya shiga bayan labule ya daɗe, har jami'in zaɓe ya yi gyaran murya. Alamar jam'iyyarsa tana nan inda ya saba ganinta. Ya dangwala, ya ninke takardar, ya jefa, ya fito fuska a murtuke.

Auta ta ci, da 'yar tazara kaɗan. Da yamma gidan ya cika da 'yan barka, shi kuma yana zaune a kujerarsa a tsakar gida yana amsa gaisuwa da ƙyar. Tela ya ja kujera ya matso.

“Tsakaninka da Allah, Sharhi, wa ka zaɓa?”

“Ƙuri'a sirri ce.”

“Shekara talatin kana fitowa kana shelar taka tun ba a tambaye ka ba.”

Baba Sharhi ya gyara zama. “Wurin babu haske sosai. Kuma sun ƙanƙanta alamomin bana. Mai yiwuwa yatsana ya sauka a inda ban nufa ba.”

“Kai da kake zura wayar da ta fi gashi siriri?”

Auta tana tsaye a bayansu da tiren kofuna, ta ji komai. Ta zuba shayi ta miƙa wa mahaifinta da hannu biyu, ya karɓa bai ɗago ba.

“Maganar bashin nan dai,” ya ce, “ban yarda ba har yanzu.”

“Na sani, Baba. Sha shayinka.”