Hannun Mai Ƙanƙara

Mai Ƙanƙara, Allah ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar ƙanƙara daga firji zuwa baro, har hannuwansa suka koma kamar gindin randa. Duk wanda ya taɓa sai ya ji jikin mutumin da zafi. In kun gaisa sai ya riƙe hannunka, ya dube ka da tausayi, ya ce, "Zazzaɓi gare ka." Rabin layinmu ya tura kantin magani, mutane lafiyarsu ƙalau.

Ana dariya ana wucewa, har 'yarsa ta haihu. Ya ɗauki jikar, jaririya ta tsala ihu. Washegari ma haka. 'Yar ta karɓe abarta.

"Baba, ka dinga kallonta daga nan. Hannunka kamar kifi."

Ya zo teburin amininsa mai shayi ya zauna, ko kofi bai taɓa ba.

"Jinina ne ya huce," in ji shi. "Shekara da shekaru cikin ƙanƙara. Yarinyar ta gane."

"To tashi in ɗora ka a murhu."

Bai yi dariya ba. Ganin haka mai shayi ya ja shi asibiti. Nas ta sa masa ma'aunin zafi ƙarƙashin harshe, ya nuna talatin da bakwai. Ta gwada mai shayi, shi ma haka.

"Ni da wannan da ke wuni gaban wuta? 'Yata, abin nan naki ya lalace."

"Lafiyarsa lau, Baba. Zafin jini a ciki kusan ɗaya ne ga kowa. In hannu ya sha sanyi, jiki kan janye jini ciki don ya adana ɗuminsa. Ɗumama hannun kawai."

Da yamma ya rungumi butar shayi kamar ɗan da ya ɓata aka gano. Sannan ya cusa hannuwa a hammata, ya nufi gida yana tafiya kamar wanda ya saci ƙwai. Ya ɗauki jikar. Ta yi hamma, ta yi barci a ƙirjinsa. Ya shafa goshinta, ya ɗago a firgice.

"Yarinyar nan ta yi sanyi. A kawo bargo."

Kullum sai ya biyo ta butar nan, har yarinyar ta fara gudu. Yanzu ba ya nan. Amma in yamma ta yi, mai shayi yakan tura butar bakin tebur, gefen da amininsa ya saba zama, sai can ya tuna ya janyo ta.