Daron Inna Tabawa a Kan Farantin Intanet

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'ar wannan shafi. Duk wanda ya ce ta zo mu ji ta, ya gyara zama.

Wata rana an yi wani malamin asibiti, sunansa Tasi'u, a wani gari da sabis ɗin waya bai kai ba.

Shekara tara yana mataki ɗaya a wurin aiki. Sai ga jarrabawar ƙarin girma ta zo, aka ce ta intanet za a yi, ƙarfe goma sha biyu na rana, kowa daga inda yake.

Tasi'u ya yi ta maza, ya sayi na'urar nan mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam. Farin faranti ne da ake kafawa a sama, da doguwar waya, da ɗan akwati mai rarraba sabis a cikin ɗaki.

Wani Lurwanu ne ya zo daga birni ya kafa masa a kan soron gidansu. Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: kada komai ya shiga tsakanin farantin da sama.

Tasi'u kaɗai ya ji wannan magana.

Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun san namiji ba ya hawa soro haka kawai. Daga sama ana hango tsakar gidan maƙwabta. Sai ka yi sallama da ƙarfi, ka jira mata su kimtsa, tukuna ka taka. Soro na mata ne da shanyarsu. Shi ya sa tun da aka kafa farantin, Tasi'u bai sake leƙa shi ba.

Kullum in ya taso daga aiki da yamma, intanet kamar ruwan famfo.

Ranar jarrabawa ya ɗauki hutu, ya yi wanka, ya zauna gaban kwamfuta. Sha ɗaya da rabi, sabis ya ɗauke ɗif.

Bai dawo ba sai bayan la'asar.

Ya rubuta takardar uzuri, aka ba shi wata ranar. Lurwanu ya zo da yamma, ya yi sallama ya hau, ya duba, ya sauko yana karkaɗe hannu. Ya ce lafiya lau, wataƙila hadari ne ya tare.

Wane hadari, bayan an gama girbi?

Rana ta biyu, haka. Sha ɗaya da rabi, ɗif.

A nan ne ran Tasi'u ya ɓaci. Da sabis ya dawo ya kira Lurwanu, ya ce masa macuci, ya ce tsohon kaya ya shafa wa fenti ya kawo masa. Lurwanu ya shanye, ya sake hawo babur da yammacin Talata, ya canza waya, ya canza akwati, ya rantse cewa in abin ya ƙara ɗaukewa ya bar sana'ar.

Masu jarrabawa kuwa sun rubuto a taƙaice: Laraba ce dama ta ƙarshe. Wanda bai shiga ba har sha biyu da kwata, sai baɗi.

Laraba ta zo. Tasi'u ko koko bai iya sha ba. Ido na kan agogo, ido na kan kwamfuta.

Sha ɗaya da rabi.

Ɗif.

Ya kashe ya kunna. Ya zare waya ya hura ya mayar. Ya duba batirin sola, a cike yake. Ga shi ba halin kiran Lurwanu, domin kiran ma da wannan intanet ɗin ake yi. Yana ta wannan fama har sha biyu ta gota.

Sai ya fito tsakar gida ba takalmi, ya ɗaga murya.

"Salamu alaikum maƙwabta, namiji zai hau soro!"

Aka amsa daga bayan katanga cewa ya dakata, ana wanka.

Ya dakata. Yana tsaye yana jin yadda mintuna ke zuba.

Da aka ce ya hau, ya haye da gudu. Ga kuɓewa an yanka an baza a tabarma, ga barkono ja wur a gefe. A inda farantinsa yake kuwa, ƙaton daron alminiyam ne a kife, an ɗora masa dutse don kada iska ta ɗauke.

A inuwar rawanin soro mahaifiyarsa ce zaune, Inna Tabawa, tana tsince kuɓewa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma doguwar hira da shi.

"Inna, wa ya kife wannan daron?"

Ba ta ɗago ba. "Ni ce. Abin da mutum ya wahala ya saya, a bar rana tana dukansa? In na zo kwashe shanya ai ina ɗaukewa."

"Inna, da sama yake magana. Kin rufe masa baki."

"To wa ya gaya mini? Sau uku baƙonku yana zuwa, ni nake dama masa fura. Kuna ta Turancinku a zaure. Ni da nake hawa soron nan shekara arba'in, ba wanda ya ce mini ga amfaninsa."



A ɗakin Inna, keken ɗinki a lulluɓe yake. Rediyo a lulluɓe. Ko kwallar miya ba ta kwana a buɗe. A wurinta, abin da kake so shi kake rufewa.

Tasi'u ya ɗauke dutsen, ya ɗage daron, ya sauko da sauri. Farantin ya ɗauki lokacinsa kafin ya kamo sama. Da shafin ya buɗe, agogo ya nuna sha biyu da minti ashirin da biyu.

An rufe.

Minti bakwai. Shekara guda.

Sannan ya kira Lurwanu ya ba shi haƙuri. Daga nan ya sake yin sallama, ya hau, ya zauna nesa kaɗan da Inna, ya yi mata bayani da Hausa tun daga farko. Bayanin bai kai minti biyu ba.

Ta saurara har ya gama. Ta juya daron, ta fara kwashe kuɓewarta a ciki, ta ce:

"Baɗi in ranar ta zo, a faɗa mini. Ko tsuntsu ba zai sauka a kansa ba."

Darasi: In ka shigo da sabon abu gida, ka fara yi wa mutanen gidan bayani, musamman wanda kake ganin ba ruwansa da shi. Kafin kuma ka zagi wanda yake nesa, tashi ka duba saman kanka.

Ƙurunƙus. Yau kam ba hannun gizo a ciki.

Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai daro a kife bai sani ba.