Baba Mai Aron Hanci

"Kai, zo nan, ara min hancinka!"

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san mai wannan magana. Ba zan kama sunansa ba, surukina ne, Baba kawai nake ce masa. Zai tare mutum a hanya, ya zaro sandar sabulu daga aljihu, ya manna masa a hanci ya ce, "Shaƙa ka faɗa min tsakaninka da Allah. Da ƙamshi ko babu?"

Abin dariyar shi ne Baba ba ya jin ƙamshi ko wari, ko kaɗan. Ya ce shekarun da ya yi yana goya tankin feshi a gonar tumatir ne suka cinye masa hanci. Amma ba a taɓa yin maƙiyin ƙamshi irinsa ba, kuma duk saboda Inna, matarsa. Asma gare ta. Da ta shaƙi sabulun wanki mai turare ko ruwan goge ɗaki, sai numfashi ya sarƙe. Wata rana maƙwabciya ta taya ta wanke banɗaki da wani ruwa mai ƙamshin fure, a bayan motar tumatir aka kwashi Inna zuwa asibiti, kamar ba za ta yi ba. Tun ranar Baba ya ce muddin yana raye ba za a sake ba.

To, ga mai gadi ba hanci, dole ya yi aro. Ran nan a kasuwar Kura ya tare wani bawan Allah ya ba shi garin sabulu. Mutumin ya shaƙa ya ce, "Babu komai, Baba." Aka kawo gida, ana kwance leda Inna ta fara tari. Baba bai ko cire takalmi ba ya koma kasuwa, ya bi rumfa rumfa har ya gano mutumin yana fyace majina.

"Au, mura kake yi?"

"Wallahi kuwa, Baba, ta kwana biyu."

"Shi ne ka ara min mataccen hanci? Ai da irinsa nake so, da na yi da nawa!"

Daga ranar ya fara yawo da ƙullin daddawa a aljihu. Kafin ya ba ka sabulu, sai ya fara gwada ka da ita. In ka yamutsa fuska, ka ci jarrabawa. In ka tsaya ƙiƙam, sai ya ce, "Allah ya ba mu lafiya ni da kai, wuce."

Ni kuwa da aka kawo ni gidan, ƙawayena na Kumbotso sun cika min akwati da kayan goge ɗaki, shuɗi da ja da ruwan hoda. Ban kwana biyu ba Baba ya turo maigidana, wai a fito da kwalaben nan duka tsakar gida. Ina daga bayan labule na ce, "Baba, ai tsafta ce."

Ya ce, "'Yar nan, maganin feshi ya fi su mutunci. Shi yana wari, yana gaya miki ki kauce. Waɗannan kuwa munafukai ne, suna miki murmushi suna shaƙe miki wuya."

Na sha kuka, ba zan ɓoye ba. Sai dai kun san Baba da tattali, ba ya zubar da abu. Aka ce a juye su a kanal ɗin ban ruwa, ya ce haba, ruwan da mutane ke wanka a ciki? Sai ya kwashe su zuwa gona, ya riƙa wanke injin ban ruwansa da su. Duk rani injin nan yana tashin ƙamshi, shi bai ma sani ba. Manoma suka sa masa suna Amarya. In sun wuce sai su ɗaga murya, "Baba, ya kwanan Amarya?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, mai kawai take sha ba ta godiya."

A gida kuwa toka ce da sabulun salo da lemon tsami da ruwan zafi. Sauran aikin kuma a shanya rana ta yi. Wallahi tukwanenmu sun fi na kowa ƙyalli, amma ban taɓa faɗa a gabansa ba, don kada kansa ya ƙara girma.

Har da malamin Islamiyyarmu sun kara. Malam ya ce masa cikin ladabi, "Baba, a sassauta, turare fa sunna ne."

Baba ya ce, "Na yarda, Malam. A jikinka, ranar Juma'a. Amma nuna min inda aka ce a shafa wa tsumman goge ƙasa da bakin masai." Malam ya ce bari ya je ya duba ɗalibai.

Babbar kunyar da na sha ita ce lokacin cikina na fari. Hancina ya yi kaifi, ina ɗaki sai in ji sabulun da aka shigo da shi zaure. Ban gaya wa kowa ba, amma Baba ya lura. Ya daina tare mutane a hanya, komai sai ya aiko min. Da na haihu hancin ya koma daidai, ya zo barka ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Allah ya raya. Allah kuma ya kawo na baya da wuri, don aiki ya tsaya." Na ja mayafi na rufe fuska, Inna tana dariya har da hawaye.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni. Na zaci maganar gona zai yi ko ta jikoki. Sai ya ce, "'Yar nan, mata za su cika gidan nan, kowacce da turarenta, wasu har su ce za su taya ku shara da wanke-wanke. Ga Innarku nan. Ki ara min hancinki, wannan karon ba zan iya dawo miki da shi ba."

Ranar da ya rasu na tsaya a bakin tsakar gida, idona na zuba, ina jiran in yi faɗa da duk mai ƙamshi. Ban samu ko ɗaya ba. Mata suka yi ta shigowa daga Bunkure, daga Kadawa, daga ko'ina, ba wadda ta shafa turare. Ƙawayena na Kumbotso ma da ƙullin toka suka zo. Inna ta zauna cikin taron nan har aka tashi daga zaman makoki, ko tari sau ɗaya ba ta yi ba. Da gida ya watse ta ja numfashi mai tsawo ta ce, "Kin ga mutumin nan? Ya tafi ma bai daina gadi ba."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa. Ya Allah, ka mayar masa da hancinsa, ka sa ƙamshin Aljanna ya zama farkon abin da zai shaƙa. Mu kuma ka ba mu ikon riƙe masa Inna. Amin.