Kewayen Juma'a a Bayan Keken Baba

Wata Juma'a ce a cikin sanyi, shekarar da na shiga aji uku, Baba ya dawo daga sallar asuba ya tarar da ni zaune a bakin ƙofa, na riga na sa takalmi. Ya dube ni, ya dubi Umma da ke hura gawayi a tsakar gida. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon matashin kai, ya ɗaure shi da igiya a kan kariyar kekensa. Ranar ce ya fara tafiya da ni yawon da ya saba yi shi kaɗai. Ina iya tuna sanyin ƙarfen a ƙaurina, da ƙamshin burodin tamis mai zafi da ya saya a bakin layi ya cusa a kwandon gaba, da Umma da ta biyo mu har waje tana jan kunnensa kada ƙafata ta shiga tayar baya.

A unguwar Ruwais muke zaune a lokacin, can ƙasa mai tsarki, cikin wani tsohon gida da muka raba da iyalai biyu. Baba mutumin wani ƙauye ne kusa da Daura. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya samu aiki a shagon wani dattijon kafinta, dattijon ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa kan takardun zama, shi ke nan ya zauna. Umma kuwa Bahausar Sudan ce, tana soya gyaɗa tana ƙullawa a leda. Aikina in na dawo makaranta shi ne ɓarar gyaɗar, da share tsakar gida, da jera bokitai a layi duk ranar da tankar ruwa ta shigo unguwa. In mun samu sarari mu 'yan mata sai mu yi 'yar carafke da duwatsu a gindin bango, ko tsallen igiya, muna ƙirga da Larabci muna faɗa da Hausa. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da faɗa zai yi.

Daga gidanmu zuwa bakin teku babu nisa. Da mun fita Kurnish, titin da ke bin gaɓar, sai Baba ya juya arewa, ya bar teku a hannun hagu, ya riƙa tuƙi a hankali kamar wanda ba a jiransa a ko'ina. Juma'a da safe garin a kwance yake. Sai masu kamun kifi da ƙugiya a kan duwatsu, da masu shara, da jiragen ruwa can nesa suna jiran layin shiga tasha. Iska mai gishiri tana kaɗa rigarsa tana shafar fuskata. In rana ta ɗan ɗaga sai mu sauka, ya jingine keken, mu zauna a kan dutse mu ci tamis da wake, ina jefa wa ƙananan ƙaguwa ɓurɓushi suna gudu cikin ramuka. Baba bai iya iyo ba, ko ƙafarsa ba ya sa wa. Yakan tsura wa ruwan ido ya girgiza kai ya ce, “Dubi yawan ruwa, Uwata, amma ba zai fitar miki da ko zangarniyar gero guda ba.”

Inda gidaje suka fara ƙaranci muke barin teku mu yanki gabas. Mukan sauka mu tura keken mu tsallaka babban titin Madina, daga nan kwalta ta ƙare, sai turɓaya da ƙayoyi da garken awaki. Akwai raƙuma a cikin shinge, masu kiwonsu sun san Baba, sukan ɗaga masa hannu. A gindin duwatsun da ake hangowa daga gari akwai wata 'yar gona da wani tsoho mutumin Damagaram, Malam Habu, yake kula wa mai ita. Rijiya ce da inji, sai kuɓewa da lalo da kankana, a can gefe kuma Malam Habu ya shuka wa kansa 'yan layukan gero. Nan ne ainihin inda Baba yake zuwa. Da ya gaisa sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ɗauki fartanya ya shiga cire ciyawa, ba wanda ya sa shi. Hausar da suke yi da Malam Habu ba irin tamu ba ce, babu Larabci irin su yalla da halas a cikinta, rabi ba na ganewa. Yakan kira ni ya nuna mini ciyayi yana faɗin sunayensu, ni kuwa hankalina yana kan 'yan awaki. Guda biyu kawai na riƙe, ƙaya da tafasa. In lokacin salla ya yi su tafi wani ƙaramin masallaci a bakin hanya, a bar ni a rumfa da rediyo da rabin kankana. Bayan la'asar mu biyo ta bayan gari mu dawo, mu shigo Ruwais da ƙura har gira, Umma ta tura ni wanka kafin in taɓa komai.

Haka muka yi ta yi duk lokacin sanyi, har na kai aji shida. A shekarar ne na fara sa abaya, ƙafafuna kuma suka fara jan ƙasa in na hau kariya. Wata rana muna ɓarar gyaɗa Umma ta ce wa Baba, “Malam, yarinyar nan ta girma, mata sun fara magana.” Bai yi musu ba. Ya ce ta bar masa sanyin bana kawai, in zafi ya shigo shi da kansa zai daina. A waɗannan makonni ne ya fara koya mini tuƙi, a kan 'yar hanyar da ke bin magudanar ruwa a gonar, inda babu mai ganinmu sai Malam Habu. Keken ya fi ƙarfina, ba na kai wa sirdi, sai in zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya in tuƙa a karkace. Yana riƙe da kariya yana bina da gudu, yana haki yana dariya. Juma'ar ƙarshe na yi tafiya mai ɗan tsawo kafin na gane ya saki, na waiwaya, na faɗa cikin lalo. Ya ɗaga ni yana kakkaɓe mini ƙasa ya ce, “Mako mai zuwa in Allah ya yarda ke za ki kai mu har wurin raƙuma.”

Ban san cewa dattijon kafilinsa ya rasu tun bara ba, 'ya'yansa sun rufe shagon, iƙamar Baba, takardar izinin zamansa, ta ƙare yana ta neman wani kafilin da zai karɓe shi. Ni da ƙannena muna kan takardun Umma, shi ya sa ba a gaya mana ba. A tsakiyar makon ya fita neman aikin yini, aka tare hanya ana duba takardu, aka kama shi. Na dawo daga makaranta na ga wani maƙwabcinmu yana turo keken cikin layi, babu kowa a kai, ledar kayan aikin Baba tana rataye a hannun keken. Umma tana tsaye a ƙofa. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ta karɓi keken ta shigar da shi, ta ce in je in ɗora ruwan shayi. Ba a jima ba aka sa shi a jirgi zuwa Najeriya, ba mu yi sallama ba.

Ya yi ƙoƙarin dawowa, abin bai yiwu ba. Umma ta je ta gan shi sau biyu, ni kuwa kullum akwai dalili: jarrabawa, sai aure, sai goyo, sai tsoron in na fita takarduna su samu matsala. Ya koma noma gonar mahaifinsa, gero har ya ishe shi. Amma in muka yi waya, bayan ya tambayi kowa da kowa, sai ya ce, “Uwata, yaya teku?” In ce masa yana nan. Ya ce a ƙauyen ba wanda yake yarda in ya kwatanta musu girmansa. Ina shirin zuwa da yara a hutun wata shekara aka bugo cewa ya rasu, cikin damina, bayan ya dawo daga gona.

Yanzu a unguwar Aziziyya nake zaune. An rushe layinmu na Ruwais, wurin ya zama fili. Na taɓa sa maigidana ya kai ni neman gonar Malam Habu a mota, muka yi ta zagaye tsakanin rumbunan ajiyar kaya da gidajen bulo, ban gane ko kusurwa ɗaya ba. Kurnish kuwa an gyara shi, an yi wa kekuna hanyarsu daban, mata da abayoyinsu suna tuƙi ba wanda ya kalle su. 'Yata takan yi hayar keke a can, ni in zauna a benci ina riƙe mata jaka. Kwanan baya ta ce in nuna mata a taswirar waya inda muke bi da kakanta. Na bi bakin teku da yatsa har wani wuri, na tsaya, na rasa inda muke juyawa. Mu biyu ne muka san hanyar, ni kuma a baya nake zaune.