Da Sauƙin Baba

Ba mu da muryar Baba a gidanmu. Hotuna kam akwai, har da wanda ya tsaya a kasuwar shanu ya ɗaure fuska kamar mai hoton ya taka masa sallaya. Amma murya babu ko guntuwa. Mutum ne da bai yarda da saƙon murya ba: in yana son magana da kai ya kira ka, in ba ka ɗauka ba ya tako har inda kake. Sai bayan rasuwarsa muka farga da abin da muka rasa. Ni da yake kira Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa na ci, na wayi gari ina laluben yadda yake jan kalmar a bakinsa, ba na samu.

A Enugu aka haife ni, a unguwarmu ta Hausawa da ke maƙwabtaka da Coal Camp. Baba fataucin shanu yake yi. Yana ɗauko su daga Arewa a tirela, ya sauke wasu nan, ya wuce da sauran Fatakwal. Ina makarantar koyon likitanci aka bugo waya wata rana bayan la'asar. Abokin tafiyarsa ne, wani dattijo da muke kira Kawu. Ya ce wajen sauke kaya a wata kwata ta wajen Rumuokoro a Fatakwal bijimi ya matse Baba da jikin mota, an kai shi asibiti, kwana ya ƙare. Can aka yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Inna, mahaifiyarmu, ba ta ga ko likkafaninsa ba.

Tambaya ɗaya ta yi wa Kawu da ya iso gida. Ta ce, "Ya sha wahala?"

Ya ce, "Wallahi Hajiya, har ƙarshe da sauƙi yake cewa."

Wannan magana ita Inna ta riƙe. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce masa Allah ya ba Malam mutuwar sauƙi. Da ita ta yi takaba, da ita ta aurar da mu, mu ma muka jingina da ita ba mu taɓa ɗaga ta mun leƙa ƙarƙashinta ba.

Na gama karatu na kama aiki a sashen gaggawa na wani asibiti nan Enugu. Akwai wani zaure da likitocin gaggawa suke da shi a intanet, ni ma aka jefa ni ciki. Kowa yana kawo abin da ya gani: wannan ya sako hoton bugun zuciyar da ya ruɗa shi, wancan ya nuna yadda ya tsayar da jinin ɗan okada ranar da kayan aiki suka ƙare, wata ta zo da saran maciji. An fi son wanda zai ce ga inda na yi kuskure, don in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Dokar wurin ita ce ba suna, ba fuska. Ina son zauren nan, ba zan ɓoye ba. Na koyi abin da ba a koya mini a aji ba, kuma na yi ƙaurin suna da gardama a ciki, don ni in magana ba ta zauna mini ba sai na tanka.

Wata safiya na miƙa aiki ga wanda ya karɓe ni, na zauna bayan ɗakin nas-nas da shayi da ƙullin okpa mai zafi, alalen Ibo, ina duba waya. Wani babban likita daga Fatakwal ya sako bidiyo, ya ce tsohon darasi ne da har yau bai bar shi ya huta ba. Da waya aka ɗauki allon na'urar hoton ciki. Ba a ganin kowa, sai toka-tokar hoton da wani baƙin tafki kewaye da saifa. Duk wanda ya yi wata guda a sashenmu ya san wannan baƙin tafkin, jini ne ya taru.

A ƙasa ya rubuta bayani da Turanci. Dattijo ne ɗan Arewa, mai fataucin shanu, bijimi ya matse shi. Da ƙafarsa ya shigo. Ranar wurin a cike yake, aka ajiye shi kan benci tun safe har rana ta take, domin duk lokacin da nas ta zo ta tambaye shi, sai a ce mata ya ce jiki ya yi kyau. Sai da ya sulale daga bencin aka ɗora shi a gado, kafin a shirya tiyata rai ya yi halinsa. Ko da na karanta wannan ban kawo komai a raina ba. Fataken shanu ba ɗaya ba ne a Fatakwal, bijimai kuma ba su daina matse mutane ba. Na sa iyafis a kunne na kunna.

Ƙarar fanka ce ta fara zuwa, da ƙugin gadon marasa lafiya da ake turawa. Sai muryar likitan, yana tambaya yadda suke tambaya a can: "Baba, how body?"

Sai aka yi gyaran murya.

Kafin ya furta kalma na san shi. Wannan gyaran muryar shi ke shigowa gidanmu kafin sallamarsa, shi ke sa mu ɓoye abin da muke ɓarna. Sannan ya ce, a hankali, numfashi na yanke masa magana, "Da sauƙi. Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Muryar Kawu ta biyo baya, tana fassarawa: "Dokta, e say e don better." Wato ya ce ya samu lafiya.

Ban yi kuka a wurin ba. Hannuna ne ya ƙi ajiye kofin shayin, har wata nas ta zo ta zare shi tana tambayata da Ibo ko lafiya. Ban san abin da na ce mata ba. Na sake kunnawa, na sake. Farin ciki ne ya fara kama ni, abin kunya, irin na wanda ya tsinci abin da ya fid da rai da shi. Daga baya ne lissafin ya sauko mini, na tun safe har rana ta take, a kan benci, da ciki yana cika da jini. Na san irin ciwon. Na san ƙishirwar da take zuwa da shi, da sanyin da yake kama yatsu.

Sai na karanta ƙarshen darasin, nan zuciya ta ɗebe ni. Likitan ya rubuta cewa idan jini ya zuba da yawa hankali yakan gushe, har mara lafiya ya riƙa cewa ya warke alhali yana mutuwa, don haka kada a yarda da bakinsa. Likitoci suna ta yabawa a ƙasa. Ni kuwa na ce wa? Baba ne hankalinsa ya gushe? Mutumin da bai manta da hamdala ba?

Da hankalinsa garau ya faɗa. Bahaushe ba ya amsa gaisuwar jiki da ƙorafi. Ko ƙafa aka yanke masa ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka, domin wanda ya fi shi ciwo yana nan, kuma ba a kai ƙarar Ubangiji wurin bawa. Ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mu har a gadon asibiti muna ɓoyonsa, dattawanmu sun fi kowa. Likita ya yi tambayar aiki, Baba ya ji gaisuwa ya amsa gaisuwa. Kawu kuma ban ga laifinsa ba. Abin da aka faɗa ya juya da ɗan Turancin kasuwar da yake da shi, kuma ko ya ga alama, ba zai yi wa amininsa mugun baki yana kwance yana ji ba.

Na kira Yaya, babban wanmu, yana shagonsa na yadi a babbar kasuwar Anaca. Hayaniyar masu dako ta cika wayar, sai da ya shige ciki ya ji ni. Bai bari na ƙarasa ba.

Ya ce, "A goge shi. Cikin ubanmu ne za a baje wa duniya kamar kayan gwanjo?"

Na ce, "Yaya, ba a ganin fuskarsa. Muryarsa ce. In turo maka?"

Ya ce, "Kar ki turo. Kuma ki ji ni da kyau, kada Inna ta ji wannan magana. Abin da take tsaye a kai ke nan, ki bar mata abinta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Likitan na nema na samu a waya. Na shirya masa faɗa mai kyau, amma da na ce masa ni 'yar mutumin ce, sai ya ajiye Turanci. Ibo ya koma, yana ta maimaita ndo, sannunsu ke nan. Ya ce shekarun nan duk bai san akwai magana mai ma'ana a cikin sautin ba, shi hoton yake kallo. Na gaya masa abin da da sauƙi take nufi. Bai kare kansa ba, tambaya ya yi: to me zai riƙa cewa? Na ce ya gaishe su tukuna, ya bari su amsa, don sai sun amsa. Na ce bayan nan ya sa su nuna masa wurin da hannu, ya danna, ya kalli fuska. Kafin azahar ya gyara darasin, ya cire sautin daga na zaure, ya turo mini na asalin. Faɗan da na tanada ya rasa inda zai sauka.

Daga ranar muryar ta tare a wayata, ni kuma na rasa sukuni. A wurin aiki duk dattijon da ya ce mini da sauƙi sai in kama cikinsa ina dannawa ko da ciwon haƙori ya kawo shi. Nakan ji gyaran murya a bayan labule in juya, in tarar ba kowa sai mai shara. Bencinmu na jira ma na daina iya wuce shi ban ƙirga fuskokin da ke kai ba. Mafi nauyi shi ne zuwa gida. Ga matar da rabonta da muryar mijinta tun ranar da ya ce mata sai ya dawo, ga muryar a jakata, kuma ba yadda zan ba ta ita ban karɓe mutuwar sauƙin da take taƙama da ita ba.

Wata Asabar da hantsi na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faranti. Muka gaisa, na zauna gefen tabarma na rungume jaka.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ke, zuwanki na nawa ke nan kina riƙe da jakar nan kamar mai jego da jariri? Faɗi abin da ke bakinki."

Na tuna Yaya, na kuma dubi hannunta. Na ce, "Inna, na samu muryar Baba. Amma ta ranar ce, a asibiti. Kuma ba yadda Kawu ya faɗa ba ne. Ya daɗe a..."

Ta ɗaga mini hannu. Ta ture farantin gefe.

"Ni za ki koya wa da sauƙin babanku? Mutumin da ƙaho ya taɓa huda masa cinya ya shigo yana ce mini ƙaya ce? Tun da Kawunku ya buɗe baki na san ya sha wuya. Ku nake rufa wa, ku yara."

Duk shekarun nan mun ɗauka mu ke tallafe da ita.

Ta karkaɗe ƙaiƙayin waken daga zaninta, ta goge hannu, ta jawo mayafi ta yafa sosai, yadda take yi in za ta dubiya. Sannan ta ce, "Kunna."

Na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu. Fanka, gadon turawa, tambayar likita. Da gyaran muryar ya zo sai da ta gyara zama. Baba ya yi maganarsa, Kawu ya fassara, daga nan ba wanda ya sake ce masa komai, sai ƙarar na'ura da likitoci suna magana a junansu har bidiyon ya ƙare.

Inna ta ce, "Haka suka bar shi? Ba wanda ya amsa masa?"

Na ce, "Ba su san ana amsawa ba, Inna."

"Mayar. In ya gama ki tsayar, kar ki bari Kawunku ya shigo."

Na mayar. Ya yi gyaran murya, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, da sauƙi. Na danna na tsayar. Inna ta sunkuya har mayafinta na taɓa wayar, ta sassauta murya kamar mai gudun tada mara lafiya.

"Sannu, Malam. Sannu ka ji. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta daɗe a sunkuye tana jira. Da ta ga ba abin da ya fito, ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. Ni na ce amin a madadinsa.